Yadda Darasin Kuɗi Ya Koma Lissafi a Jami'a

Ɗalibin da ya shiga jami'a yau don karanta harkar banki da hada-hadar kuɗi yakan yi zaton za a koya masa yadda ake tafiyar da banki. Kafin ya gama aji biyu sai ya tsinci kansa cikin ƙididdiga, da jadawali, da ƙa'idojin lissafi masu haruffan Girkanci. Yawancin waɗannan ƙa'idoji an samar da su ne tsakanin 1952 da 1973, a wasu 'yan jami'o'in Amurka. Kafin lokacin, darasin kuɗi wani abu ne daban.

A 1881 wani attajiri mai masana'antun ƙarfe, Joseph Wharton, ya ba Jami'ar Pennsylvania da ke Filadalfiya dala dubu 100 don a buɗe makarantar koyar da kuɗi da tattalin arziki ga masu neman digirin farko. Ita ce ta farko irinta a Amurka. Wharton bai ɓoye manufarsa ba: yana son samari masu iya riƙe dukiya, kuma ya gindaya sharaɗin a koya musu cewa kare masana'antun gida da harajin kwastan shi ne daidai. Tun daga tushe, ke nan, mai ba da kuɗin yana da baki a cikin abin da za a koyar.

Shekaru kusan 70 bayan haka, darasin bai wuce bayani ba. Ana koya wa ɗalibi yadda ake kafa kamfani, da bambancin hannun jari da takardar bashi, da abin da doka ta ce idan kamfani ya karye, da yadda ake karanta littafin akawu. Wani Bafaranshe, Louis Bachelier, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Faris a 1900 kan lissafin hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari, amma aikin ya kwanta fiye da shekara 50 ba a kula shi sosai ba.

Sauyin ya faro ne daga maƙalar wani ɗalibin Jami'ar Shikago mai shekara 24, Harry Markowitz, wadda ta fito a 1952. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a zuba jari duka a haja ɗaya. Abin da Markowitz ya ƙara shi ne cewa yawan hajar ba shi ne kariya ba, sai an duba ko tare suke faɗuwa. Wanda ya raba jarinsa tsakanin noman gero da na dawa bai rage kasada sosai ba, don fari ɗaya ne zai cinye su. Markowitz ya nuna yadda za a auna wannan dangantaka da alƙaluma. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da yake kare kundinsa, Milton Friedman ya ce aikin ba ilimin tattalin arziki ba ne. An dai ba shi digirin, kuma a 1990 ya sami kyautar Nobel a wannan fannin.

Sai dai dabarar tana da nauyi. In kana da hannun jarin kamfanoni 100, sai ka auna dangantaka 4,950. In 1,000 ne, 499,500. Ba akawun da zai yi wannan da alƙalami. Nan ne kwamfuta ta shigo. A 1960 Jami'ar Shikago, da tallafin kamfanin dillancin hannun jari na Merrill Lynch, ta fara tattara farashin duk hannayen jarin kasuwar New York tun daga 1926 a kan faifan kwamfuta. Daga nan malami ya sami damar gwada ra'ayinsa da alƙaluma, ba da labarin tsofaffin dillalai ba.

Akwai kuma matsin lamba daga waje. A 1959 rahotanni biyu, ɗaya da kuɗin gidauniyar Ford, ɗaya na Carnegie, suka soki makarantun kasuwanci cewa koyon sana'a kawai ake yi a cikinsu, ba ilimi mai zurfi. Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi don a shigar da lissafi da ƙididdiga. Cikin wannan yanayi ne aikin Modigliani da Miller na 1958 kan bashin kamfani, da na William Sharpe na 1964 kan alaƙar kasada da riba, suka shiga littattafan ɗalibai.

A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa ƙa'idar yanke farashin wata irin yarjejeniya mai kama da kafin alƙalami: ka biya wani abu yanzu don ka sami damar sayen hannun jari nan gaba a kan farashin da aka tsayar, in ka ga dama ka fasa. A watan Afrilun shekarar aka buɗe kasuwar irin wannan yarjejeniya a Shikago, nan da nan dillalai suka rungumi lissafin. A 1979 kuma wani ɗalibin kasuwanci a Harvard, Dan Bricklin, da abokinsa Bob Frankston suka fito da VisiCalc, kakan Excel. Lissafin ya iso teburin kowane ɗalibi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1997 Scholes da Robert Merton suka karɓi kyautar Nobel. Shekara ɗaya bayan nan, kamfanin zuba jari na LTCM, wanda su biyun ke cikin jagororinsa, ya yi asarar sama da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni, bayan Rasha ta kasa biyan bashinta. Sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara manyan bankuna suka zuba kimanin dala biliyan 3.6. Lissafin kamfanin ya dogara ne a kan yadda kasuwanni suka saba tafiya, da zaton kullum za a sami mai saye. Da tsoro ya shiga, hajojin da ake ganin ba ruwan ɗaya da ɗaya suka faɗi tare, wato ainihin abin da Markowitz ya ce a kula da shi.

Waɗannan ƙa'idoji ne ɗalibi a Kano ko Zariya ke haddacewa don jarrabawa. Suna da amfani, ba kuma wanda zai yi aikin kuɗi a yau ba tare da su ba. Amma an gina su ne a kan kasuwa mai ɗimbin masu saye da sayarwa, mai alƙaluman shekaru da dama, inda ake ɗauka cewa takardar bashin gwamnati ba ta da kasada. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san na'ura ba ta gardama: duk zaton da ka ba ta, a kansa za ta fito maka da amsa tsaf, ko da zaton ruɓaɓɓe ne. Ɗalibin da ya san shekarar da aka yi ƙa'ida, da kasuwar da aka yi ta dominta, da ranar da ta gaza, shi ne zai iya tambayar ko ta dace da kasuwar da hauhawar farashi ke cin jari kuma darajar naira ke sauyawa, kafin ya ɗora kuɗin mutane a kanta.