Daga Jigo Zuwa Injin Feshi: Noman Albasa a Jega, Aliero da Maiyama

Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a bakin Gulbin Zamfara bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, ya yi suna ne da kasuwa tun a ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango a cikinsa. Wannan kasuwa ce, tare da fadamun da gulbin yake shayarwa, ta sa noman rani ya kafu a yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na Masarautar Gwandu, domin manomi ba ya wahalar da kansa a kan amfanin da ba shi da mai saye. Sannu a hankali albasa ta rinjayi sauran kayan lambu, har ta kai ga cewa da an ambaci Aliero abu biyu ke zuwa wa mutum a rai, wato ɗorin karaya da albasa.

A zamanin da, girman lambu yana bin ƙarfin hannun mai shi ne. Da jigo ake ban ruwa, wato doguwar sanda da aka ɗora a kan gwafa, aka ɗaura mata guga a gefe guda da dunƙulen laka a ɗaya gefen, ta yadda nauyin lakar zai taimaka wajen ɗago ruwa daga rijiya ko gulbi. Mutum ɗaya bai iya shayar da fangali masu yawa da irin wannan aiki, saboda haka lambu yakan kasance ƙarami, a cakuɗa albasa da tattasai da taba da yakuwa, a ciyar da ƙasa da takin dabbobi, a cire ciyawa da hannu, a barbaɗa toka inda ƙwari suka ɓulla. Ba wai ƙwarin ba sa ɓarna ba ne a lokacin, sai dai ba su samun shimfiɗar amfani iri ɗaya da za su yaɗu a kanta ba tare da shamaki ba.

Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, su suka karkato da hankalin hukuma zuwa fadama, bayan da ta tabbata cewa damina kaɗai ba abin dogaro ba ce. Shirye-shiryen raya aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka soma da na Gusau da Funtuwa da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, sun kawo takin zamani da maganin ƙwari da malaman gona. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, shirin Fadama na farko ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai amfani da fetur, jigo kuma ya yi ta ɓacewa. Lambun da a da ake kewaye shi da 'yan taku ya zama gona sukutum ta albasa zalla, shekara bayan shekara a wuri guda, wanda hakan ya buɗe ƙofa ga ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan lawashi har ya yi fari, da kuma cutar da ke fitar da tabo mai ruwan shuni a ganye idan laima ta yi yawa.

Abin takaicin da ke cikin wannan tarihi shi ne, magani ya zauna amma malamin da ya kawo shi ya tafi. Da kuɗin shirye-shiryen suka ja baya, malaman gona suka yi ƙaranci, sai mai sayar da magani a rumfar kasuwa ya zama shi ne likitan amfanin gona, alhali ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Bayanin da ke jikin kwalba da Turanci yake, ma'aunin da aka fi sani shi ne murfin kwalbar, kuma sau da yawa matashin da aka ɗauka ƙwadagon feshi yakan goya injin feshi a bayansa ba takalmi ba safar hannu, ruwan maganin yana ɗiga a rigarsa, in ya gama ya ɗauraye tankin a kududdufin da shanu ke sha. Wannan ba wauta ba ce daga manomi. Mutumin da ya ci bashi ya sayi iri da taki da fetur ba zai zuba ido ƙwari su cinye jarinsa ba.

Muhawarar da ake yi a matakin ƙasa ta fi karkata ga haramci. A 2008 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana wasu magunguna, ciki har da sinadarin da ke cikin Gamalin, wanda aka daɗe ana zuba shi a ruwa don kashe kifi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin da jama'a suka sani da sunan piya-piya, sa'annan daga baya NAFDAC ta sa wa maganin ciyawa na farakwat wa'adin ficewa daga kasuwa. Masu fafutukar kare muhalli suna ganin bai dace a riƙa sayar wa manomin Afirka abin da ƙasashen da suke haɗa shi suka hana a gonakinsu ba, dillalai da manoma da dama kuwa suna tambayar abin da za a ba su a madadinsa, kuma nawa ne kuɗinsa. Kowane ɓangare yana da hujja, amma haramcin da aka sanar a Abuja ba ya isa rumfar ƙauye sai da wanda zai kai shi, ya kuma bayyana shi da Hausa.

Sauyin yanayi ya ƙara tsananta lamarin, domin albasa tana son sanyin hunturu, ƙwarin da ke tsotse ta kuwa zafi da bushewa suke so, don haka duk shekarar da sanyi ya yi gajarta feshi yakan ƙaru. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin fadama masu ɗimbin yawa a Kebbi, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya ninka kuɗin ban ruwa, har wasu suka koma ga injin mai aiki da hasken rana. Duk da haka babbar asara tana faruwa ne bayan girbi, a cikin rudu, wato ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa albasar da aka jibge. Albasar da aka ɗura wa taki da ruwa fiye da kima ba ta jure zafin bazara a ciki, kuma manomin da ya ajiye ta yana jiran tsadar damina yakan buɗe rudun ya tarar da kaso mai yawa ya ruɓe ko ya tsiro.