Wa Zan Fara Ɗauka? Tarihin Dabarun Zaɓen 'Yan Wasa a Fantasin Ƙwallon Amurka



Duk shekara idan Agusta ta kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu buga fantasin NFL: idan layi ya zo kaina, wa zan fara ɗauka? Sai ka ga mutum ya sauke jerin sunayen da masana suka tsara, ya riƙe shi kamar wahayi. Yau ina so mu koma baya mu ga yadda amsar wannan tambaya ta riƙa sauyawa tun 1963, domin wanda ya san dalilin sauyin ba zai bari takarda ta yi masa zaɓe ba.

Ga waɗanda suka saba da FPL ta Firimiyar Ingila, bari in share fage. A FPL ta yau da kullum, mutum miliyan na iya mallakar Haaland a lokaci guda. A fantasin Amurka ba haka ba ne. Mutum goma ko sha biyu ne ke zama, ana ɗaukar 'yan wasa bi da bi, kuma wanda aka ɗauka ya tafi ke nan. Yawanci layin tafiyar maciji yake yi: idan ku sha biyu ne, mai lamba 1 ba zai sake ɗauka ba sai a lamba 24 da 25, mai lamba 12 kuwa zai haɗa 12 da 13. Shi ya sa zaman awa biyu ke iya gyara ko ɓata maka wata huɗu.

Asalin abin daga Oakland ne a jihar Kalifoniya. A kakar 1962 ƙungiyar Raiders ta sha kashi har ta gode Allah, wasa ɗaya kacal ta ci cikin 14. A wata tafiya da ƙungiyar ta yi zuwa gabashin Amurka, wani ɗan kasuwa mai ƙaramin hannun jari a cikinta, Bill Winkenbach, ya zauna a otal a New York tare da Bill Tunnell, jami'in hulɗa da jama'a na ƙungiyar, da Scotty Stirling, ɗan jaridar Oakland Tribune. A nan suka tsara dokokin wasan. A Agustan 1963 aka yi zaman zaɓe na farko a gidan Winkenbach, da ƙungiyoyi takwas, a gasar da suka taƙaita sunanta da GOPPPL.

Wanda aka fara ɗauka a tarihi shi ne George Blanda na Houston Oilers, mai shekara 35. Mai kallo daga yau zai ce an yi wauta, domin Jim Brown na Cleveland Browns yana nan a ajiye, kuma a wannan kakar ta 1963 ya yi gudun yadi 1,863, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Amma ku duba lissafin masu zaɓen. A dokarsu, cin maki a fili kawai ake ƙirgawa, ba ruwansu da yadi. Blanda kuwa baki biyu yake ci da shi: shi ne kwatabak mai jifa, kuma shi ne mai bugun ƙafa na ƙungiyarsa. A 1961 ya jefa tacdawun 36. Ƙwallaye 42 da abokan hamayya suka tare masa a 1962 ba su rage masa daraja a idonsu ba. Shi kuma Brown, a 1962 ya tsaya a yadi 996, kaka ɗaya tilo a rayuwarsa ta wasa da bai zo na ɗaya a gudu ba. To tun daga zaɓen farko abubuwa biyu suka bayyana waɗanda har gobe ke juya kowane jeri: dokar ƙirga maki, da abin da ido ya gani bara.

A 1969 Andy Mousalimas, ɗaya daga cikin waɗanda suka halarci zaman farko, ya buɗe wasan ga masu zuwa gidan shaƙatawarsa mai suna King's X a Oakland. Daga can ne tsarin ba da maki kan yadi ya samu gindin zama. Wannan gyara kaɗai ya kife jerin gwanaye. Ɗan wasan da ke ɗaukar ƙwallo sau ashirin a wasa ya zama yana kawo maki ko bai shiga raga ba. A tsarin da aka fi sani yau, yadi 10 na gudu ko na cafka maki 1 ne, tacdawun maki 6, shi kuwa mai jifa sai ya yi yadi 25 kafin ya samu maki 1, tacdawun ɗinsa kuma maki 4.

Shekarun 1980 zamanin takarda ne da biro. Shugaban gasa zai sayi jarida ranar Litinin, musamman USA Today da ta fara fitowa a 1982, ya zauna ya lissafa makin kowa da hannu. A 1987 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Washington, Ian Allan da Bruce Taylor, suka fara mujallar da aka sani da Fantasy Football Index. A wancan lokaci, riƙe jeri ma kaɗai makami ne. Wanda ya sayi mujalla ya riga wanda bai saya ba. A irin waɗannan shekaru ne Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya zo na ɗaya a gudu a NFL da yadi 1,480 a 1989, yana ɗaukar ƙwallo sau 370 wa Kansas City Chiefs. Irin wannan doki mai jan kaya shi kowa ke nema.

Tunani mafi tasiri a duk tarihin nan ya zo ne a tsakiyar shekarun 1990 daga Joe Bryant, wanda daga baya ya kafa Footballguys. Cewa ya yi a daina auna ɗan wasa da yawan makinsa, a auna shi da tazarar da ya ba takwarorinsa na gurbi ɗaya. Bari in ba da misali na ƙirƙira don a gane. A ce kwatabak na ɗaya zai kawo maki 380, na sha biyu kuma 300. Tazara 80 ke nan. A ce kuma mai gudu na ɗaya zai kawo 300, amma na ashirin da huɗu, wato na ƙarshe cikin waɗanda za a sa a fili idan kowa na buƙatar biyu, zai kawo 150. Tazara 150. Duk da kwatabak ya fi yawan maki, mai gudun ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Dokar kasuwa ce da duk wanda ya taɓa sayen tumatir a lokacin ƙarancinsa ya sani.

Wannan lissafi ya haifi aƙidar da ta mulki kusan shekara goma sha biyar: ka fara da masu gudu biyu, sauran su biyo baya. Kuma zamanin ya ba ta gaskiya. Marshall Faulk ya ci tacdawun 26 a 2000, Priest Holmes ya ci 27 a 2003, Shaun Alexander 28 a 2005, sai LaDainian Tomlinson ya rufe da 31 a 2006. A wannan shekarar ce Larry Johnson ya ɗauki ƙwallo sau 416. Wanda ya samu ɗaya daga cikin waɗannan, kusan ya gama da gasarsa. A daidai lokacin kuma wasan ya koma intanet: CBS ta shigo a 1997, Yahoo ta mai da nata kyauta a 1999. Jeri ya daina zama sirri, ya shiga hannun kowa.

Amma NFL ɗin kanta ba ta tsaya ba. Masu horarwa suka fara raba aikin gudu tsakanin mutum biyu ko uku, dokoki suka ƙara kare masu jifa da masu cafka, ƙwallo ta koma sama. A 2011 Drew Brees ya yi jifan yadi 5,476, Aaron Rodgers ya jefa tacdawun 45. Abin da ya faru a 1963 sai ya maimaita kansa: a zaɓen 2012 jama'a suka yi rububin kwatabak tun zagayen farko, saboda abin da suka gani bara. A shekarar ne JJ Zachariason ya fitar da littafinsa The Late Round Quarterback, yana tunatar da cewa ƙungiyoyi 32 ne a NFL, kowace da kwatabak ɗinta, ku kuma sha biyu kuke buƙata. Me zai sa ka biya tsada kan kayan da ya cika kasuwa? Shekaru kaɗan bayan haka hujjoji suka zo masa har gida. Patrick Mahomes da ya jefa tacdawun 50 a 2018, da Lamar Jackson da ya haɗa jifan tacdawun 36 da gudun yadi 1,206 a 2019, duk sai can cikin zaɓe aka ɗauke su, bayan an kwashe manyan sunaye.

A Nuwamban 2013 Shawn Siegele ya rubuta maƙala a RotoViz da ta tayar da ƙura. Shawararsa ita ce kishiyar aƙidar da aka gada: kada ka ɗauki mai gudu ko ɗaya a zagayen farko-farko, ka tara masu cafka. Ya ɗauko tunanin ne daga littafin Nassim Taleb, Antifragile. Hujjarsa ita ce, mai gudu ya fi kowa shan duka, don haka ya fi kowa jin rauni. Idan babban mai gudu ya faɗi, wanda ya zuba jarinsa a kansa ya shiga uku, amma mataimakinsa da ba wanda ya kula da shi sai ya wayi gari da daraja. Don haka ka gina ƙungiyar da hargitsin kaka zai ƙara mata ƙarfi maimakon ya rushe ta.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna abin da yake nufi. David Johnson, wanda akasarin jeri suka sa a lamba ɗaya a 2017, ya ji rauni a wuyan hannu a wasan farko, bai sake bugawa ba a kakar. A 2018 Le'Veon Bell ya ƙi buga kakar gaba ɗaya saboda rikicin kwantaragi da Pittsburgh Steelers, James Conner da ya maye gurbinsa ya ci gajiyar. Christian McCaffrey da ya haura yadi 1,000 a gudu da kuma 1,000 a cafka a 2019, wasa uku kawai ya buga a 2020, kakar da Saquon Barkley ma ya tsinke jijiyar gwiwa a mako na biyu. A gefe guda kuma doka ta sake motsawa: ESPN ta mai da ba da maki 1 kan kowace cafka tsarinta na asali a 2017, Yahoo ta ɗauki rabin maki a 2018. Darajar masu cafka ta ƙara hawa.

Kada kuma a ɗauka wannan ce amsar ƙarshe. Da kowa ya koma farautar masu cafka, sai su ma suka yi tsada, masu gudu suka yi araha. Justin Jefferson da aka fi sa wa lamba ɗaya a 2023 ya samu rauni a cinya ya buga wasa 10, McCaffrey kuwa ya dawo ya mamaye kakar. Da aka mayar da shi lamba ɗaya a 2024, wasa huɗu ya buga, Barkley da aka yi wa kallon ya soma gajiya ya haura yadi 2,000 a Philadelphia Eagles. Kowace dabara na cin riba ne muddin 'yan kaɗan ke bin ta. Ranar da ta zama ta kowa, ribar ta koma wani gurbi.

Yau kuma abin da muke kira jeri galibi matsakaici ne. Shafuka irin su FantasyPros na haɗa ra'ayin masana da dama su fitar da guda, akwai kuma lissafin matsakaicin gurbin da jama'a ke ɗaukar kowane ɗan wasa. Wannan na biyun farashin kasuwa yake gaya maka, wato lokacin da ɗan wasa zai ɓace daga tebur. Ba ya gaya maka abin da zai kawo. Kuma abokan zamanka sha ɗaya suna kallon takardar da kake kallo.

To me za mu riƙe kafin mu zauna zaɓe? Ka fara karanta dokar gasarku kafin ka buɗe kowane jeri: akwai maki kan cafka ko babu, kwatabak ɗaya ake sawa ko biyu. Jerin da aka tsara don wata doka guba ne a wata. Ka raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa kusancin darajarsu, idan rukuni ya kusa ƙarewa ka ɗauka, idan da saura ka jira. Ka tambayi kanka game da duk sunan da ke sama: aikin bana ya kai shi nan, ko labarin bara? Sannan kada ka ɗauka an gama da an tashi daga zaɓe. Kurt Warner ya fito ne a 1999 bayan Trent Green ya ji rauni ana dab da fara kaka, ya jefa tacdawun 41. Puka Nacua, wanda Los Angeles Rams suka ɗauka a zagaye na biyar a 2023 kuma yawancin gasannin fantasi ba su ko kalle shi ba, ya cafke ƙwallo 105 da yadi 1,486. Wanda ya sa ido a makonnin farko ya same shi kyauta.

Ni dai bana, idan lamba ɗaya ta faɗo mini, zan fara duba dokar maki kamar yadda mutanen Oakland suka yi, sannan in yi ƙoƙarin manta abin da na gani bara, wanda shi ne ya fi wuya. Ku fa? Ku gaya mana tsarin makin gasarku da lambar da kuka samu, mu tattauna.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.