Sunan da Muka Ba Ilmin Saikoloji, da Abin da Ya Ɓoye

A makarantun horon malamai an saba kiran saikoloji "ilmin halayyar ɗan Adam". A ganina sunan nan ya riga ya yanke hukunci cikin wata gardama wadda Turawa da kansu suka daɗe suna yi.

Sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus cikin 1879, abin da ya nufa shi ne a auna abin da mutum ke ji a ransa. Cikin 1913 John Watson na Amurka ya ce a bar wannan, a duba aikin da ido ke gani kaɗai. Shi kuwa Sigmund Freud na Viyana ya ce tushen al'amarin yana ɓoye inda mai shi ma bai sani ba. To, wanda ya ce "halayya" ya bi Watson ke nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Amma fa Hausa ba ta rasa kalmomin abin da ke ciki ba. Imam Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya rarrabe abu huɗu cikin Ihya'u Ulumiddini: ƙalbu, ruhu, nafsu da aƙlu. Malamanmu sun karanta shi, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya bi hanyar gyaran zuciya cikin Tahzibul Insan. Aƙlu ne ya zama "hankali" a bakinmu. Ƙalbu da nafsu kuwa "zuciya" ta haɗiye su duka biyu, shi ya sa ake yabon mai farar zuciya, a zargi mai son zuciya. Kurwa, wadda ake cewa maye na kamawa, ba daga littattafan nan ta zo ba.

Abin mamaki, "hali" ma Larabci ne, inda ya ke nufin yanayi mai wucewa. Da ya shigo Hausa sai ya daskare, har muka ce zanen dutse ne. Na tambayi wani dattijo a Achilafiya ta ƙasar Kazaure ko horo na sāke halin yaro. Ya ce horo hankali ya ke ƙarawa, hali kuwa da shi aka haife shi. Watson, wanda ya ɗora kusan kome a kan horo, da bai yarda ba. Ga shi kuwa kalmar dattijon muka ɗauka muka raɗa wa ilminsa.