Daga Barksdale Zuwa San Antonio: Yadda Sojan Saman Amurka Suka Shiga Yaƙin Intanet

A watan Maris na 1994 ma'aikatan wani ɗakin bincike na sojan saman Amurka da ke garin Rome, a jihar New York, suka farga cewa akwai baƙi a cikin kwamfutocinsu. Masu kutsen sun kwana biyar a ciki suna kwasar kalmomin sirri, har suna amfani da wurin suna tsallakawa zuwa wasu cibiyoyi. Da aka bi sawu sai ga shi ɗaya daga cikinsu yaro ne ɗan shekara 16 a Landan, yana zaune a ɗakinsa da ƴar kwamfutarsa. Daga baya kotu ta ci shi tarar fam 1,200. Ita kuwa rundunar, gyaran ɓarnar ya lamushe mata fiye da dala 500,000.

A lokacin ba a rasa masu lura da irin wannan ba. Tun 1993 an kafa cibiyar yaƙin bayanai a sansanin Kelly da ke San Antonio, jihar Texas, a hannun masu leƙen asirin rundunar, mutanen da tun fil azal aikinsu sauraron saƙonnin abokan gaba ne. A 1995 kuma aka kafa wata ƙaramar runduna, ta 609, a sansanin Shaw, aka rushe ta a 1999. Amma a gidan da matuƙa jiragen yaƙi suke da faɗa a ji, mai kula da kwamfuta bai wuce matsayin mai gyaran waya ba. Ko abin da ya faru a Fabrairun 1998 bai sauya wannan kallo ba: ana tsaka da shirin kai wa Iraƙi farmaki aka kutsa cikin na'urorin sansanoni da dama, manya suka ɗauka Bagadaza ce, ashe samari biyu ne a California da wani matashi a Isra'ila.

Sai a Disambar 2005 lamarin ya hau teburin manya. Sakataren rundunar, Michael Wynne, da babban hafsanta, Janar Michael Moseley, suka sake rubuta manufar rundunar, suka ce daga yau fagen famansu uku ne: sama, da sararin samaniya, da duniyar intanet. Ba ƙaramar magana ba ce. A Washington duk wanda ya riga cewa fili nasa ne, shi ake sa ran zai kwashi kasafin kuɗin filin, kuma sojan ƙasa da na ruwa sun ji saƙon sarai. A Nuwambar 2006 Wynne ya sanar cewa za a kafa babbar rundunar yaƙin intanet, ya ɗora aikin a kan Laftanar Janar Robert Elder, kwamandan Runduna ta 8 mai jiragen ruwan bama-bamai a sansanin Barksdale, jihar Louisiana. A Satumbar 2007 aka buɗe ta a matsayin ta wucin gadi ƙarƙashin Manjo Janar William Lord, aka tsayar da 1 ga Oktobar 2008 ranar da za ta tsaya da ƙafafunta.

Nan fa kasuwa ta buɗe. Jihohi 18 suka shiga zawarcin hedikwatar, kowane gwamna da ƴan majalisarsa suna kai gwauro suna kai mari, domin hedikwata na nufin ayyukan yi da kwangiloli. Louisiana ma ba ta jira a yanke hukunci ba, ita da hukumomin yankin suka zuba kimanin dala miliyan 100 a ginin wata cibiyar fasaha a Bossier City, dab da Barksdale. Rundunar kanta ta fito da talla a talabijin, ana nuna ginin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaro, daga sama ana cewa a yau kaɗai za a kai masa hari sau miliyan uku, sannan a nuno sojan sama zaune gaban allon kwamfuta a matsayin mai tsaronsa. Idan ka tambaye ni, wannan shi ne riga malam masallaci, don har lokacin ba wanda ya ba su wannan aiki.

Abin da ya karya shirin ba daga intanet ya zo ba. A ƙarshen Agustan 2007, a sansanin Minot na jihar Dakota ta Arewa, aka ɗora wa wani jirgin B-52 makamai masu linzami da za a kai a lalata. Shida daga cikinsu na ɗauke da kan nukiliya, ba wanda ya duba. Jirgin ya kwana a fili da kayansa, ya tashi ya ratsa ƙasar, ya sauka a Barksdale ɗin nan dai, ya ƙara yin sa'o'i a ajiye kafin wani daga cikin masu sauke kaya ya lura. Kimanin sa'o'i 36 Amurka ba ta san inda makaman nukiliyarta shida suke ba. Ana cikin wannan jimami, a Maris 2008 aka gano cewa tun 2006 an aika wa Taiwan wasu sassa huɗu na kan makami mai linzami, a zaton baturan jirgi mai saukar ungulu ne. Ranar 5 ga Yunin 2008 sakataren tsaro Robert Gates ya sa Wynne da Moseley suka ajiye aiki tare.

Waɗanda suka gaje su, Michael Donley da Janar Norton Schwartz, sun zo ne da tsintsiya. A Agusta suka dakatar da shirin, saura makonni a buɗe shi. A Oktoba suka ce babu batun babbar runduna: za a yi ta daidai misali, a sa ta ƙarƙashin rundunar sararin samaniya. Barksdale ta samu hedikwata, amma ta sabuwar rundunar kula da makaman nukiliya. Ranar 18 ga Agustan 2009 aka ƙaddamar da Runduna ta 24 a sansanin Lackland, San Antonio, Manjo Janar Richard Webber ne kwamandanta na farko. An haɗa mata reshe uku: na 67 mai yaƙi a kan hanyoyin sadarwa, na 688 mai ayyukan bayanai, da na 689 mai kafa sadarwa a fagen daga.

Rawanin da sojan sama suka so kuwa wani kan ya hau. A 2008 wani ya soka filash mai ɗauke da ƙwayar cuta a wata kwamfutar soja a Gabas ta Tsakiya, cutar ta bazu har cikin hanyoyin sirri, abin da ya sa aka haramta filash a duk kwamfutocin soja a Nuwambar shekarar. Gates ya ga aikin ya fi ƙarfin runduna ɗaya. A Yunin 2009 ya ba da umarnin kafa rundunar intanet ta haɗin gwiwa, ta fara aiki a Mayun 2010 a Fort Meade ƙarƙashin Janar Keith Alexander, wanda shi ne kuma shugaban hukumar leƙen asiri ta NSA. Runduna ta 24 ta zama ɗaya daga cikin masu kai mata ma'aikata.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri, wanda ba ya shiga talla. A 2010 aka sauya wa hafsoshin sadarwa kimanin 3,000 suna zuwa hafsoshin ayyukan intanet, aka buɗe musu kwas a sansanin Keesler na Mississippi. Sauya suna dai ba ya mai da mai jan waya ɗan kutse, kuma wanda ya ƙware da gaske kamfanoni na jiransa a waje da albashin da soja ba zai iya biya ba. A 2011 aka samu ƙwayar cuta a kwamfutocin sansanin Creech na Nevada, inda a lokacin ake sarrafa jirage marasa matuƙi da ke shawagi a Afghanistan. Wata dabara da ta fi burge ni ita ce ta 2013, lokacin da aka ayyana wasu manhajoji da na'urori guda shida a matsayin makamai. Dalilin kuɗi ne tsagwaronsa: a tsarin kasafin Pentagon makami yana da mai shi da kuɗin kula da shi, kamar jirgi, alhali kayan ofis su ake fara yankewa. Zuwa Mayun 2018 an kammala ƙungiyoyi 133 na dakarun intanet na ƙasa baki ɗaya, 39 daga cikinsu na sojan sama ne.

A Yulin 2018 aka ɗauke Runduna ta 24 daga hannun masu sararin samaniya, waɗanda ke shirin zama soja mai zaman kansa, aka miƙa ta ga rundunar jiragen yaƙi. Ba ta daɗe a nan da sunanta ba. An lura cewa mai kutsawa cikin na'urar abokin gaba don ya saurara da mai kutsawa don ya lalata, ƙofa ɗaya suke bi, amma kowa da kwamandansa. Ranar 11 ga Oktobar 2019 aka narkar da ita tare da Runduna ta 25 ta masu leƙen asiri, aka samar da Runduna ta 16 ƙarƙashin Laftanar Janar Timothy Haugh. A cikinta aka tara ƴan kutse, da masu sauraron saƙonni, da jiragen leƙen asiri irin su U-2, har da masu hasashen yanayi. Hedikwatarta tana Lackland, sansanin da tun 2001 ya haɗiye ɓangaren Kelly inda aka kafa cibiyar nan ta 1993.