Tarihin Waƙar Tahultin: Daga Sakkwato Zuwa Amurka

Yau za mu ba ku tarihin wata waƙa da ta fito daga jiharmu ta Tawa. Sunanta Tahultin.

Mai waƙar, sunansa Mahamadu Sulaimanu, amma duniya ta san shi da Mdu Muktar. Ba'abzine ne na yankin Abalak da Cintabaradan. Da harshen Tamajak yake waƙa, harshen da kuke ji a kasuwar Azarori. Yana yaro, iyayensa ba su son kiɗa. Shi kuwa ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. Jitarsa ta farko ke nan. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa.

A shekarar 2008 ya tafi Sakkwato. A can akwai ɗakunan da ake ɗaukar waƙoƙin finafinan Hausa. Kun san irin waƙoƙin: gangar ta na'ura ce, kuma kwamfuta na gyara murya har ta yi siriri, ta riƙa rawa. Da wannan salo anka ɗauki waƙoƙinsa, anka sa musu suna Anar. Tahultin na cikinsu. Ga jita ta Abzinawa, ga kiɗa irin na ƴan fim. Wannan haɗi shi ya ja kunnen samari.

To, yaya waƙar ta yi tafiya? Babu kamfanin da ya buga ta. Salula ta ɗauke ta. Wannan ya tura wa wancan ta bulutut, wancan ya zuba wa abokinsa cikin ɗan katin waya. Direbobi da matafiya sunka kai ta gari gari, har ta ƙetare iyaka ta shiga Mali. Jama'a sun more ta ƙwarai. Amma wanda bai saya ba, bai biya ba. Da yawa ma ba su san mai ita ba.

Wani Ba'amurke mai suna Kiristofa Kirkili yana zaune a Kidal ta ƙasar Mali, yana tara waƙoƙi daga wayoyin mutane. Can ya ji Tahultin. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fid da faifai na waƙoƙin salula, da ita a ciki. Neman mai waƙar ya ba shi wuya, don suna kawai ke akwai, babu adireshi. Da sunka gana, ya kawo masa jita irin ta bahago. A 2014 anka buga Anar a faifai, shekara 6 bayan ɗaukarsa.

Daga nan hanya ta buɗe. A 2015 ya fito a fim ɗin da anka yi a Agadas da harshen Tamajak. Ya kewaya Turai da Amurka yana wasa. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya buga faifansa Afrique Victime, manyan jaridu sunka yaba. Kiɗansa na bayan nan ya fi ƙarfi da sauri, ya bar salon Sakkwato. Mu dai a kunnenmu, na farkon ya fi sanyi.

Lokacin juyin mulkin watan Yuli 2023, yana Amurka da makaɗansa. Anka rufe iyakoki, sunka daɗe can kafin su samu komowa gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.