Tarihin Game Mode: Shin Da Gaske Windows Na Ƙara Wa Gem Gudu?

Idan kana buga gem a kwamfuta, na san an taɓa ce maka, "Kai dai kunna Game Mode, za ka ga aiki." Ƙila ka kunna, ka koma cikin wasan, ka tarar yana nan yadda ka bar shi, yana ta sarƙewa. Kafin ka ce kwamfutarka ta gama yawo, ko ka kwashi kuɗi ka nufi kasuwa, tsaya mu waiwaya baya. Shekara 30 ke nan kamfanin Microsoft na yi wa masu gem alƙawarin gudu, kuma tarihi ya nuna wanne ya cika, wanne ya tsaya a talla.

Da farko riƙe kalma ɗaya, FPS. Shi ne adadin hotunan da kwamfuta ke zanawa a allo cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya kai 60 wasa na tafiya sumul, a 30 ana iya haƙuri, ƙasa da 20 kuwa sai tsalle-tsalle. Duk gardamar a kan wannan lamba take.

Lokacin da masu gem ke gudun Windows

A farkon shekarun 1990, manyan wasannin kwamfuta a kan MS-DOS suke, ba Windows ba. Dalili shi ne DOS na barin wasa ya yi magana kai tsaye da kayan cikin kwamfuta, Windows kuwa sai ta shiga tsakani, abin ya yi nauyi. Doom, wanda kamfanin id Software ya saki a Disambar 1993, a DOS ya fito ya girgiza duniya.

Microsoft ya gwada gyara da wata manhaja mai suna WinG a 1994, amma aka ji kunya. A Kirsimetin shekarar, wani wasan yara na Disney kan The Lion King, da aka gina a kanta, ya riƙa faɗuwa a wasu kwamfutocin Compaq. Ma'aikata uku, Alex St. John da Craig Eisler da Eric Engstrom, su suka haɗa abin da ya zama DirectX, ya fito a Satumbar 1995. Aikinsa buɗe wa wasa gajeriyar hanya zuwa katin hoto da katin sauti, ba tare da an bar Windows ba. A 1996 aka samu Doom95, kuma cikin 'yan shekaru masu ƙera gem suka yi ƙaura daga DOS.

Lura da kyau: wannan shi ne taimako mafi girma da Windows ta taɓa yi wa gem, kuma ba madanni ba ne da za ka kunna. Gini ne a can ƙasa, wanda sai mai ƙera wasa ya yi amfani da shi kafin kai ka amfana.

Vista da darasin direba

A Janairun 2007 Windows Vista ta fito da DirectX 10, aka ce duk mai son sa sai ya bar XP. Aka ƙara babban fayil na tara wasanni wuri ɗaya, har Halo 2 na kwamfuta aka ɗaure shi a Vista. To me ya faru? Wasanni da yawa sun fi gudu a tsohuwar XP. Vista ta canza tsarin direban katin hoto gaba ɗaya, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin, kuma sababbin direbobin ba su nuna ba tukuna. Ga ta da cin RAM. Sai da aka yi ta gyaran direbobi kafin abin ya daidaita. Darasin: suna mai daɗi ba ya gyara direba mara kyau.

Zuwan Game Mode

Windows 10 ta fito a Yulin 2015 da DirectX 12, da Game Bar, da Game DVR mai ɗaukar bidiyon wasa. Abin dariya, wannan Game DVR da aka yi don masu gem shi ya riƙa cinye FPS a ƙananan kwamfutoci, har jagororin gyaran gem suka cika da shawarar a kashe shi.

Shi Game Mode ya zo ne a Afrilun 2017, cikin sabuntawar Creators Update. Abin da yake yi bai da yawa: yana fifita wasan da ke gabanka wajen rabon ƙarfin furosesa da katin hoto, ya tura sauran manhajoji baya. A bayanin Microsoft na yanzu, yana kuma hana Windows Update saka direba ko turo maka saƙon sake kunna kwamfuta kana tsakiyar wasa. Masu gwaje-gwaje da suka auna shi sun ga cewa a kwamfuta mai ƙarfi wadda ba ta aikin komai sai wasan, bambancin kusan babu. Inda ya ɗan taimaka shi ne ƙaramar kwamfuta da manhajoji suka cika a baya, nan ma raguwar sarƙewa aka fi gani, ba tashin FPS ba. A 2020 ma wasu sun koka cewa shi ke jawo musu sarƙewa a wasu wasanni.

Ka ɗauke shi kamar mai ba da hannu a mararraba. Idan akwai cunkoso zai buɗe maka hanya. Idan titi fayau yake, ba abin da zai ƙara maka, kuma ba zai mai da injin babur na mota ba.

Windows 11 da abin da ba a tallata ba

A 2020 an ƙara wani madanni da ke miƙa wa katin hoto tsara aikinsa da kansa. Shi ma a yawancin wasanni bambancin ƙanƙane ne, sai daga baya ya zama sharaɗi ga fasahar DLSS 3 ta Nvidia mai ƙirƙiro ƙarin hotuna.

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da kirarin babu kamarta wajen gem. Ta zo da Auto HDR, wanda launi yake gyarawa, ba gudu ba. Sai DirectStorage, wanda ke rage jiran buɗewar wasa idan kana da SSD mai sauri kuma wasan ya san da shi. Forspoken na Janairun 2023 ne ya fara amfani da shi. Amma a makon farko na fitowarta kamfanin AMD ya sanar cewa wata matsala a sabuwar Windows na rage gudun furosesan Ryzen, har zuwa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a wasu wasanni. A cikin watan aka gyara. A Agustan 2024 kuma wata sabuntawa ta ƙara wa Ryzen gudu a wasanni da dama, ba tare da kowa ya taɓa wani madanni ba. Ka ga dai, riba da asara duk daga can ƙasa suke zuwa.

Akwai wani abu mai haɗari a nan. A 2022 Microsoft da kansa ya ce kashe Memory Integrity na iya ƙara gudu a gem. Gaskiya ne, amma wannan katangar tsaro ce daga muggan manhajoji. Idan da wannan kwamfutar kake shiga banki ko kake aikin mutane, kada ka sayar da tsaronka don 'yan FPS.

Sauran ma sun bi sahu

Linux ta samu nata GameMode a 2018 daga kamfanin Feral Interactive, Apple ya saka nasa a macOS Sonoma a 2023, duk dai fifita wasa ne a kan ayyukan baya. A waya kuwa an ga akasi. A Maris 2022 aka gano manhajar GOS ta wayoyin Samsung na rage ƙarfi lokacin gem don kada waya ta yi zafi, sai da kamfanin ya nemi afuwa ya ba mutane zaɓi.

To yanzu me za ka yi?

Bar Game Mode a kunne, a Windows ta yanzu da ma a kunne yake zuwa. Amma gani ya kori ji: danna Windows da G, ka buɗe ma'aunin FPS, ka buga wuri ɗaya na minti biyar yana kunne, ka sake yana kashe. A Settings, sashen Gaming yake. A nan kuma ka kashe ɗaukar bidiyo ta baya idan ba ka buƙata.

Bayan haka duba abubuwan da suka fi shi tasiri. Sabunta direban katin hoto. Jona caja, don laftof na rage ƙarfi idan tana kan batir, abin da kan faru duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ka sa a bushe mata ƙura, kada ka ɗora ta a katifa, domin a zafin bazara da ƙurar hunturu furosesa na rage gudu don kare kansa. Rage girman hoto a cikin wasan, ka rufe burauza.

Idan kuma za ka sayi kwamfuta ta hannu, kada mai shago ya rufe ka da "ai tana da Game Mode". Kowace Windows ta yanzu na da shi. Tambaye shi wane katin hoto ne a ciki, RAM nawa ne, SSD ce ko tsohon faifai, sannan a kunna wasan a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.