Daga Bin Sawu Zuwa Zanen Yatsa: Tarihin Gano Mai Laifi a Ƙasar Karaye da Rogo

Wannan maƙala za ta dubi hanyoyin da Bahaushen yammacin Kano ya bi wajen gano mai laifi, da yadda suka sauya.

Hanya mafi daɗewa ita ce bin sawu. A ƙasar noma da kiwo irin ta Karaye da Rogo, idan aka saci dabba da dare, sai a sammako a bi sawun ɓarawo da na kofato kafin jama'a su tattake. Gwanin wannan aiki yakan bambance sawun mai gudu da na mai ɗauke da kaya. Inda sawu ya ɓace, Maguzawa kan koma ga rantsuwa da aradu.

Shari'ar Musulunci ta ɗora al'amarin bisa ƙa'ida, watau hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kuwa kan wanda ya musa. A shari'ar kisa, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu ke karantarwa, ta yi bayanin ƙasama: idan akwai alama mai ƙarfi, alal misali mamaci ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika, sai magadansa maza su yi rantsuwa 50.

A wasu ƙasashe kuma an karkata ga jikin mamaci da abin da mai laifi ya taɓa. A Sin, Song Ci ya rubuta littafi kan binciken gawa a 1247. A Ajantina an kama mai kisa ta zanen yatsa a 1892, kuma 'yan sandan Landan sun buɗe ofishinsa a 1901, shekara biyu kafin Turawa su ci Kano a 1903. A Arewa, dokar Final Kod ta 1959 ta karɓi shari'ar manyan laifuffuka, rahoton likita ya ƙara samun gurbi a gaban alƙali. A 1984 Alec Jeffreys ya gano shaidar ƙwayar halitta a Ingila, Legas kuma ta buɗe ɗakin gwajinta a 2017.

Abin lura shi ne, tushen ilmin duka ɗaya ne: mai laifi ba ya wucewa bai bar sawu ba. Sai dai masu bin sawu suna ƙarewa, kalmominsu na tafiya tare da su. Wajibi ne ɗalibanmu su shiga ƙauyukan Karaye da Rogo su tattaro su tun dattawan na raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.